Ramin Waya da Lallen Inna Hajo

Makarfi, 6 ga Oktoba

Abban Bilkisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma cikinka ya fara sabawa da yajin Indiyawa. Mu nan sai godiya. Ranar Juma'a na je garinku Taba na gaida Dada. Tana lafiya, in ban da gwiwar nan. Da ta rako ni bakin zaure sai ta kalli wani wuri daban ta ce, "Wancan yana aiko da saƙo?" Na ce kana aikowa. Ta ce to. Ka yi gemu, ka yi 'ya, ka ƙetare teku neman ilimi, amma a bakin mahaifiyarka har yau kai "wancan" ne. Kunyar ɗan fari ba ta tsufa.

Ga abin da ya zaunar da ni rubutu. Ka san alamar da Bilki take kiranka da ita, ta shafa haɓa saboda gemunka. Ta canza ta. Yanzu in za ta ce Abba, sai ta ɗaga hannu rabi, ta buɗe baki, ta ƙame kamar gunki. Yadda take ganinka ke nan a waya duk lokacin da sabis ya tsaya. Da farko na yi dariya. Daga baya na shiga ɗaki na zauna. Mu masu ji, in hoto ya tsaya murya takan ci gaba. Ita da ba ta da magana sai ta hannu, in hannunka ya tsaya, ka yi mata shiru ke nan a tsakiyar zance. Kiran da ka yi na ƙarshe ka ga rufin ɗaki ne kawai, ba don waya ta faɗi ba. Ita ta ture ta, ta fita.

Amma akwai labari. Wani kamfani ya jawo wayar intanet mai ƙarfi, wadda suke kira fayiba, daga Zariya, ta biyo gefen titinmu, suna shigar wa shaguna da gidaje. Na ga hoton bidiyo a shagon mai magani, ko gezau ba ya yi. Na kira shugaban masu aikin, wani Malam Ja'afar, ya zo ya duba gidan. Ya ce a garin nan ba sa rataya waya a sama, domin motocin rake da ake yi wa lodi har sama da kai sun sha tsinka musu. Sai dai a haƙa ɗan rami daga bakin titi, ta shigo ta ƙarƙashin katangar gabas, ta bi jikin katangar inda lallen nan yake, har zuwa tagarmu. Ta yamma ba hanya, rijiya ce da salga.

Abu ɗaya ya rage: mu 'yan haya ne, sai da yardar mai gida. Gobe zan shiga sashen Inna Hajo. Ba na jin za ta ƙi. Ita ke riƙe mini Bilki duk safiya in na tafi makaranta, kuma sun fi fahimtar juna fiye da ni da ita.

Ka ci abinci.

Taka,
Farida


Lucknow, 8 ga Oktoba

Maman Bilki,

Wa alaikumus salam. Na gode Allah da kuke lafiya. Ciki ya lafa, na gano wata rumfa da ake dafa shinkafa ba tare da niyyar kisan kai ba. Ki gaida Dada da gwiwa, ki ce kada ta daina shafa maganin.

Na karanta abin da kika rubuta kan alamar Bilki ina cikin gonar gwaji, tsakanin layukan rake, na kasa ci gaba da aiki. Na tsaya gaban gilashin mota na gwada alamar da kaina. Ta kama ni daidai, yarinyar nan. Haka nake.

Kullum ina maimaita maganar hannu a ɗaki don kada in manta. Abokin zamana ya ɗauka sauro nake kora, har ya sayo mini maganin sauro. Amma me amfanin in iya, in wadda nake koyo dominta ta daina kallo? Saura mini fiye da shekara a nan. Yaro mai ji yana riƙe muryar ubansa. Ita ba ta da abin riƙewa sai fuska da hannu, su ne kuma suke ƙamewa. Ina tsoron in dawo ta ɓuya a bayanki kamar an yi baƙo.

Don Allah kada ki yi sanyi da maganar wayar nan. Irin waɗannan masu aiki in sun gama da gari sun tafi, sai dai labari. Ki sanar da ni da zarar Inna Hajo ta amsa.

Naki,
Huzaifa


Makarfi, 12 ga Oktoba

Abban Bilkisu,

Sallama da fatan alheri. Muna lafiya, Bilki ta yi ɗan mura ta warke. Ka yi haƙuri da jinkiri, sai na zo ɗakin malamai nake samun sabis ɗin da zai ɗauki dogon saƙo.

Inna Hajo ta ƙi.

Na same ta tana damun fura. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, na yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurara, ta ce, "Allah sarki, yarinyar nan ta ga ubanta. Ta ina wayar za ta bi?" Na kai ta sashenmu na nuna mata jikin katangar. Ta tsaya tana kallon wurin.

"Nan a'a."

"Inna, ramin bai fi kamu ɗaya faɗi ba. Za su mayar da ƙasa kamar ba a taɓa ba."

"Na ji. A'a."

"In lallen ne, sai a dasa wani."

"Malama, in dai sai an haƙa nan, gara ku nemi wani gida."

Ba da faɗa ta faɗa ba, muryarta ƙasa-ƙasa. Na tambaye ta dalili, ta ce furarta za ta yi tsami, ta tafi.

Na yi ta tunani. Ka tuna tun shigowarmu gidan ita ke share wannan tsirin ƙasa na gindin lallen da kanta kowace safiya, ko da na riga na share. Ka tuna ta hana ni zuba ruwan wanki a wurin, ta sa muka canza wa akuya turke. Na ɗauka halin tsofaffi ne da kayan shukarsu. Har yanzu ban san wani abu da ya wuce haka ba.

Da yamma na koma, ina zaune a wajenta ina neman hanyar sake ɗauko maganar sai ga babban ɗanta Tukur, dillalin raken nan na Dandamisa, ya zo a babur da ɗaurin rake. Ka ji ta: "Tukur! Kai Tukur! Zo ka sha fura, dubi yadda ka rame kamar sanda." Ta zaunar da shi kusa da ita, tana kaɗe masa ƙaiƙayi daga hula. Na ce a raina, ikon Allah. Wannan ita ce mai yi mini faɗa kullum wai ina kiran sunan 'yar fari gatsau, ina goya ta a gaban mutane. Rannan na ce mata, "Inna, ai ba ta ji." Ta ce, "Ita ba ta ji, mu muna ji." To ga ta da nata babban, har maƙwabta sun san ya iso. Kowa da inda kunyarsa ta tsaya.

Malam Ja'afar ya ce ba za su wuce ƙarshen wata a Makarfi ba. Ka bar ni da ita, zan bi ta a hankali. Jiya na kunna wa Bilki hoton bidiyon da ka ɗauka ka aiko. Ta kalli rabi, ta yi maka tambaya da hannu, da ta ga ba ka amsa ba sai ta kife wayar.

Taka,
Farida


Lucknow, 14 ga Oktoba

Maman Bilki,

Sallama. Ina lafiya, da fatan ku ma haka.

"Gara ku nemi wani gida." Na karanta layin nan ya fi a ƙirga. Wanda ya ce maka haka kan ɗan rami, dama yana neman hanyar da zai tashe ka ne. Wataƙila wani ya yi mata maganar gidan. Mun zauna da ita da mutunci, ban taɓa zaton haka daga gare ta ba.

Ban jira ba. Na kira Tukur, tunda gidan na gado ne kuma shi ne namiji babba. Mutumin kirki ne, nan take ya gane. Ya ce tsufa ne kawai, ko reshen lallen nan aka karya sai ta yi kwana biyu ba ta magana. Ya ce ba maganar tashi, kuma shi zai sa hannu ya tsaya a kan aikin da kansa. Na haɗa shi da Malam Ja'afar. Za su zo ranar Alhamis ta sama, da safe.

Na san kin ce in bar ki da ita. Lokaci ne ba mu da shi.

Huzaifa


Makarfi, 17 ga Oktoba

Abban Bilkisu,

Muna lafiya.

Kana Indiya ka tsallake ni, ka tsallake tsohuwar da ke riƙe maka 'ya, ka je ka haɗa ta da ɗanta. Ni na ji muryarta lokacin da ta faɗi maganar, kai rubutu ka gani. Ba muryar mai korar ɗan haya ba ce.

Tukur ya zo ya gaya mata a gabana. Ta ɗauki tsintsiyarta ta fita. Tun ranar tana shigowa shara kamar kullum, ta amsa gaisuwa a taƙaice, ta fita. Na aika mata da miya, kwanon ya dawo yadda ya tafi. Bilki kaɗai take yi wa fara'a.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ban hana ba. Lambar Malam Ja'afar tana wayata, ban kira shi ba, domin ni ma ina son wayar nan kamar yadda kake so. Ka yi abin da na ji kunyar yi, ni kuma na yi shiru ina jiran in ci moriya.

Mun shiga gwajin tsakiyar zango, ni ke tsaron ɗalibai. Wayata za ta yi ta zama a kashe. Ka bar ni in huce.

Farida


Lucknow, 21 ga Oktoba

Farida,

Sallama. Na kira ki ban samu ba. Na kira Tukur, yana kasuwar rake, ba ya ɗauka. Don girman Allah ki karanta wannan kafin Alhamis.

Na koma kan wasiƙarki ta sha biyu ga wata don in samo abin da zan kare kaina da shi, sai na ci karo da abin da na tsallake. Kin ce tana kiran Tukur da sunansa, tana zaunar da shi kusa da ita, tana kaɗe masa hula. Farida, ni ɗan fari ne na Bafulatana. Dada ba ta taɓa furta sunana ba. Ba ta taɓa miƙo mini abinci hannu da hannu a gaban mutane ba. Ranar da na karye a hannu ina yaro, kakata ce ta yi kuka, ita tana bayan ɗaki tana daka abin da ba ya bukatar daka. Inna Hajo irin su Dada ce, har ta fi ta tsanani, tunda ke ma ba ta ƙyale ki ba kan Bilki. Macen da take haka ba za ta ƙwala wa ɗan farinta kira ba ko da gobara ake.

Tukur ba shi ne na fari ba. Akwai wani kafin shi.

Sashen da muke haya shi ne inda aka kai ta tana amarya, ita ta gaya mana haka ranar da muka karɓi makulli. A da kuwa, jaririn da ya koma kafin suna ba a kai shi maƙabarta, a cikin gida ake sa shi, jikin katanga. A gidan kakana a Taba akwai irin wurin, an ɗora dutse, ba a barinmu wasa a kai, ba kuma wanda ya taɓa ce mana don me.

Shara kullum. Hana ruwan wanki. Canza turken akuya. Ba lalle take tsaro ba.

Kuma ba za ta faɗa ba. Da rai ma ba a ambatonsa, balle babu. Za ta tsaya tana kallo a sa diga a wurin, bakinta a rufe, ni ne kuma na aiko da digar.

Mai yiwuwa na yi kuskure. In na yi, mun yi asarar waya. In ban yi ba fa? Ki hana su.

Huzaifa


Lucknow, 23 ga Oktoba

Farida,

Yau Alhamis. A nan rana ta yi sama, ku yanzu gari ke wayewa. Wayarki a kashe, lambar Malam Ja'afar ba ta shiga. Ko kalma ɗaya ce ki aiko. Na kasa shiga aji.

Huzaifa


Makarfi, 23 ga Oktoba, da yamma

Abban Bilkisu,

Sallama. Kowa lafiya, ka kwantar da hankalinka. Na dawo makaranta musamman don in aika maka wannan.

Fushi ya sa ban buɗe saƙonka ba sai yau da aka fita tara. Na karanta a tsaye. Na bar wa wata malama ajina, na tari ɗan acaba, ban ma tsaya ɗaukar jaka ba.

Na tarar sun haƙo daga bakin titi har katanga, sun fasa ƙarƙashinta, bakin diga ya leƙo cikin gida. An sare reshe ɗaya na lallen don a sami wurin tsayawa. Inna Hajo kuwa ta shimfiɗa tabarma a kan tsirin nan, ta juya wa maza baya, faifai a cinya, tana tsintar shinkafa. Bilki na gefenta ta miƙe ƙafa yadda ta miƙe.

Tukur yana tsugune yana cewa, "Inna, don Allah ki matsa, mutane na jira."

Ta ce, "Shinkafa nake tsinta."

"Ki tsinta a ɗaki mana."

"Nan ne da haske."

Wani lebura ya jingina da shebur ya ce, "Hajiya, in buhu guda ce ki gaya mana, mu je mu dawo bayan Sallah." Suka yi dariya. Na dubi hannunta. Tsakuwa take mayarwa cikin shinkafar, tana zubar da ƙwayar.

A nan na san ba ka yi kuskure ba. Na kuma san in na buɗe baki na faɗi dalili, na tsiraita ta ke nan gaban ɗanta da baƙin maza, abin da ta rufe tun kafin a haife ni. Sai na ce, "Malam Ja'afar, a dakata. Na fasa."

"Kin fasa me, Malama?"

"Ba na so a taɓa lallen nan. Da shi nake ƙunshi."

Ya dubi hannuna, fari fat da alli. Ka san rabona da ƙunshi tun bikinmu. Ya ce, "Malama, lalle fa? Wanda ake aunawa a gwangwani a kasuwa?"

Na ce, "Wannan ya fi kamawa."

Leburan nan ya ce, "Ashe 'yan boko ma ba su tsira ba." Tukur ya miƙe ya kaɗe riga ya ce, "Mijinki ya kira ni daga Indiya kamar gari ya kama da wuta, na bar kasuwa, na ɓata da uwata, ke kuma lalle! Allah ya ba Malam Huzaifa haƙuri." Na ce amin.

Malam Ja'afar bai yi faɗa ba. Ya ce ba su da wata hanya a sashenmu, kuma jibi za su kwashe kaya su koma Ikara, bai san ranar dawowa ba. Suka toshe ƙarƙashin katangar suka tafi.

Inna ta ci gaba da tsinta har ƙarar motarsu ta ɓace. Sannan ta tashi, Bilki ta taya ta naɗe tabarma. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba.

To ka ji. Babu waya. Na zauna ina kallon Bilki tana wasa da ɓawon rake, ina tambayar kaina ko na sayar da haƙƙin mai rai saboda wanda ya riga ya huta. Ban san amsa ba. Na dai san ba zan iya zama a ɗakin da wayarsa ta bi ta nan ba. Kai ma ba laifinka kaɗai ba ne, na faɗa maka magana mai zafi, ka yafe.

Taka,
Farida


Makarfi, 25 ga Oktoba

Abban Bilkisu,

Sallama. Muna lafiya. Ka lura daga ina nake aiko maka wannan: daga kan gadonmu.

Jiya da hantsi Inna ta shigo da ƙaramin kwano. Ashe reshen da aka sare ta ɗauka, ta shanya ganyen a kan rufin ɗaki, ta daka, ta kwaɓa. Ta ce, "Miƙo hannu, mai ƙunshi." Na ce Inna ina da aji da rana. Ta ce, "Kada a ce an yi ƙarya a gidana." Ta zauna ta ƙunsa mini hannu biyu, ta yi wa Bilki ɗan yatsa. Tana ɗaurewa, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Wayar nan taku, ita dole sai ta ƙasa take shiga gida?"

Na ce a titi ne dole, saboda motocin rake. In ta shigo gida ko ta bango ma tana bi.

Ta ce, "Bayan ɗakina ai titi ne."

Ban taɓa kawo wannan a rai ba, Malam Ja'afar ma haka, don wa zai ce a huda ɗakin mai gida saboda ɗan haya? Ta sa na kira mata Tukur a waya, hannuna a ɗaure, da gwiwar hannu na danna. "Tukur! Ka je ka dawo mini da mutanen nan kafin su bar gari." Ya fara cewa Inna jiya fa, ta ce, "Jiya ta wuce." Ya same su suna loda kaya. Malam Ja'afar ya ce don dai ramin titi yana nan ne, da ba zai dawo ba.

Yau da safe aka yi. Sai da aka sauke jerenta gaba ɗaya, kwanonin da Tukur ya ce tun tasowarsa bai taɓa ganin an motsa su ba, aka ja gadon ƙarfen nan mai rumfa. Suka huda bangon ƙasa, jar ƙasa ta zubo mata a kan shimfiɗa, ko a jikinta. Wayar siririya ce kamar tsinken tsintsiya. Ta bi saman gadonta cikin farin bututu, ta fita ta kan ƙofa, ta hau katangar da ta raba mu, ta shigo tagarmu.

Ta tambayi Malam Ja'afar, "Yanzu maganar mutane ta kaina za ta riƙa wucewa ina barci?"

Ya ce, "E, Hajiya, amma ba za ki ji ba."

Ta ce, "Gara haka. Ba na son gulma."

Ɗan akwatin yana kan tagarmu, fitilarsa kore. Ba wanda ya ce komai game da tsirin nan, kuma ba wanda zai ce.

Ka kira gobe bayan la'asar ɗinmu. Ban gaya wa Bilki ba. Waya ta shigo, amma ban san ko yarinyar za ta yarda ta sake kallo ba.

Taka,
Farida


Lucknow, 27 ga Oktoba

Maman Bilki,

Sallama. Ina lafiya, lafiyar da na daɗe ban yi irinta ba. Jiya kina madafa lokacin da abin ya faru, kuma ban so in faɗa da baki ba, shi ya sa na koma rubutu.

Kin ga farkon. Kin jingina wayar da tulu kin ba mu wuri, ita tana bayan ƙofa, ido ɗaya a waje. Na yi kamar ban gan ta ba, na shiga ba tulu labarin akuyar da ta cinye mata takalmi. Na san abin da take jira: in ƙame. Na kai ƙarshen labari ban ƙame ba. Ta matso. Ta kaɗa hannu da sauri, na kaɗa. Ta murguɗa baki, na murguɗa. Ta yi tsalle gefe don ta kama ni, na bi ta da ido. Sai ta zauna dab da wayar, ta yi mini tambayar farko: "Ka warke?"

Duk watannin nan ta ɗauka ciwo ne yake kama ni. Na ce na warke.

Daga nan ta ɗauki wayar ta zagaya da ni gida. Ta nuna mini ɗan yatsanta ja, ta nuna akuya, ta nuna farin bututun a kan katanga. Da muka zo jikin katangar gabas sai ta rage sauri, tana taka ƙasa da kan yatsu. Ta jingina ni da dutse. Ta haɗa hannu biyu a ƙirji ta jijjiga kamar mai rarrashin jariri. Ta kwantar da kunci a tafin hannu. Ta nuna ƙasa, gindin lallen.

Na tambaye ta wa ya gaya mata. Ta yi alamar shara, sunan da ta sa wa Inna Hajo. Na ce yaushe? Ta wurga hannu bayan kafaɗa: tuntuni.

Na buɗe baki zan ƙwala miki kira. Ta ga leɓena yana motsi, ta haɗe rai, ta ɗora yatsa a baki. 'Yata da ba ta taɓa jin sauti ba ta hana ni surutu kada in ta da mai barci. Na yi shiru. Muka zauna haka, ni da ita, har kika kira ta cin abinci da hannu daga ƙofar madafa.

Da za ta ajiye wayar ta juya wajenki ta ce miki wani abu. Ba ki lura ba, hankalinki na kan tukunya. Cewa ta yi Abba zai sake kira gobe. Haɓa ta shafa.

Ki gaida Inna Hajo, gaisuwa kawai, kada ki ƙara komai a kai. In kin je Taba ranar Juma'a, ki tsaya kusa da Dada ki kira ni. Na san ba za ta kalli wayar ba, za ta kalli wani wuri daban. Ki bar ta. Ni zan kalle ta.

Naki,
Wancan